Karan Taba Daga Bakin Lawali

'Yan'uwa, salamar Yesu Almasihu ta zauna tare da ku duka. Cikin sunansa nake gaishe ku, kuma da numfashin da ya mayar mini nake wannan gaisuwa. Halleluya!

Yawancinku kun san ni, amma saboda baƙin da suka zo mana daga Maradi, sunana Iliya. Ni ne mai kula da injin ɓarar gyaɗa a wata mangazar manoma, wato gidan ajiyar amfanin gona, a nan Madarumfa. Matata Saratu ga ta can a layin mata, ta riga ta sunkuyar da kai don ta san sunanta zai fito.

Ni mutum ne mai son sanin dalilin abu. Tun ina yaro in rediyo ya shigo hannuna sai na kwance shi na ga inda maganar take fitowa, ko da ba zan iya mayar da shi ba. To tambayar da ta daɗe tana cin raina ita ce: yaya aka yi dokar hana shan taba ta mayar da ni mashayin taba? Ku saurara ku ji, don ni ma sai daga baya Ubangiji ya kwance mini abin na ga cikinsa.

Taba dai na santa tun ina saurayi, lokacin da muke ƙetare iyaka zuwa ci-rani ta garin Ɗan Issa. Amma ba ta kama ni ba. Sai in yi kwana da kwanaki ban tuna da ita ba, in kuma inji ya ɓata mini rai in kunna ɗaya a bayansa, shi ke nan. Haka kowa yake yi a mangazarmu a da. Mai ɗinkin buhu yana busa tasa a kan buhu, direba yana busa tasa a cikin mota, kowa da kusurwarsa, ba ruwan wani da wani.

A wurin aikin nan ni kaɗai ne mai bin Yesu. Kada ku ji na faɗi haka ku ɗauka ana tsangwama ta, wallahi babu wanda ya taɓa faɗa mini baƙar magana. Ana gaishe ni, ana tambayar iyali. Amma da an kira azahar sai su ajiye aiki su tafi masallaci tare, daga can su zauna a ƙofar masallacin su ci abinci a kwano ɗaya. Ni kuma in buɗe ɗan kwanon da Saratu ta ɗaure mini, in ci a gindin inji, ni da ƙudaje. Ba korata aka yi ba, hanya ce kawai ba ta biyo ta inda nake ba. Shekaru na yi a haka, har na ɗauka abin bai dame ni ba.

Akwai kuma wani abu da wasunku suka sani ba sai na yi dogon bayani ba. A wasu ƙauyukan da muke zuwa ɗaukar gyaɗa, na taɓa roƙon ruwa aka kawo mini a wata moɗa daban, na kuma ga an ajiye ta gefe bayan na sha. Ba kowa ke yin haka ba, amma in an taɓa yi maka, ba ka mantawa.

To sai aka kawo mana sabuwar shugaba, Madam Hadiza. Mace ce mai fara'a, amma in ta ce a'a ta zauna. Ba ta daɗe da zuwa ba wani ya jefar da guntun taba kusa da tarin ɓawon gyaɗa, sai ga hayaƙi na tashi. Allah ya kiyaye aka kashe da wuri. Washegari ta tara mu ta ce daga yau babu mai kunna taba a cikin mangaza, ko a tsakar fili, ko a cikin motar aiki. Wanda ya matsu ya fita bayan katanga.

Nan fa na samu abin kallo! Na zuba ido in ga abin da doka za ta yi wa mutane, kuma na sha mamaki. Matan da ke tsince gyaɗa har guɗa suka yi, suka ce yau tarinsu ya samu hutu. Mai ɗinkin buhu ya yi ta ƙunƙuni kamar zai bar aikin, amma ganin fita waje cikin rana wahala ce, ba a jima ba ya bar tabar gaba ɗaya ya koma goro. Tsoho Isuhu mai gadi kuwa sai ya sayo tabar gari da kanwa ya cusa a leɓe. Da aka yi masa magana ya ce, "Madam hayaƙi ta hana, ba ta hana tohi ba." Muka yi ta dariya, har ita Madam ɗin.

Sauran da suka kasa bari sai suka samu wata bishiyar dogon yaro a bayan katanga, inda iskar tabkin Madarumfa take bugowa. Wani ya kawo kututture, wani ya shimfiɗa tsohon buhu. Mutanen da a da kowa ke shan tabarsa shi kaɗai, doka ta kora su wuri guda. Kafin ka ce me, wurin ya zama fada.

Wata rana bel ɗin inji ya tsinke mini har sau biyu, raina ya ɓaci, na lalubo wani tsohon karan taba a aljihu na zagaya bayan katangar. Niyyata in tsaya daga nesa in sha in koma. Sai Lawali, direban babbar motarmu, ya hango ni. Mutum ne mai faɗin ƙirji da babbar murya, in yana dariya har masu kamun kifi suna ji. Ya buga cinya ya ce, "Kai! Iliya! Ashe kai ma namu ne? Taho nan ka zamna!"

Namu! 'Yan'uwa, ban san ina jin yunwar wannan kalma ba sai da na ji ta.

A fadar nan suna da al'adarsu. Ba kowa ke kunna tasa ba. Kara ɗaya ake kunnawa, mutum ya ja, ya miƙa wa na kusa da shi, ta zagaya har ta ƙare, sannan wani ya fito da tasa. Ina zama Lawali ya karɓe tsohon karan nawa ya ce wannan ya bushe, ya cire wadda ke bakinsa ya miƙo mini. Na ja. Ina kallonsa in ga me zai yi da ita. Ya karɓa, bai goge ba, bai duba ba, ya mayar bakinsa yana ci gaba da labarin wani ɗan duwan, wato jami'in kwastan, da ya tsare shi a hanya.

Ni kaɗai na san abin da ya faru a cikina a lokacin. Na koma bakin inji ina jin kamar an yi mini kyauta.

Daga ranar ban sake fashi ba. A ƙarƙashin bishiyar nan na san sunayen 'ya'yansu, suka san na nawa. A nan na fara jin labarin da a da sai ya tsufa yake iso ni. Da matar Lawali ta haihu, a nan ya faɗa mini da bakinsa, na je suna, aka zaunar da ni a tabarmar abokai. Da mahaifiyata ta kwanta ciwo a Gabi, shi ya kai ni a babur ɗinsa bayan an tashi aiki. Wannan zumunci na gaske ne, ba zan tsaya a gaban Allah in ce ƙarya ne ba.

Amma kuɗin shiga fadar hayaƙi ne. In an fita da hantsi ina ciki, in an fita da la'asar ina ciki. Ni ma dole in riƙa zuwa da kwalina don kada in zama mai sha a bagas. Sannu a hankali sai ga ni ina kunnawa a hanyar gida, ina kunnawa da safe kafin in karya. Wadda a da nake mantawa da ita, yanzu ita ke tashe ni.

Saratu ba ta da hanci biyu, amma ɗayan da take da shi ya isa. Ta ce, "Baban Dauda, wanga wari hwa? Ba an ce an hana taba wurin aikinku ba?" Na ce ai shi ya sa. Ta dube ni kamar na zautu. Ta ce, "To in sun hana giya sai ka dawo mani da tulu kenan?"

Ku 'yan ƙungiyar mawaƙa kun tuna lokacin da na riƙa tsayawa a tsakiyar baiti ina tari. Na ce muku ƙurar gyaɗa ce. Akwai ƙurar gyaɗa a ciki, amma ba ita ce babba ba. Na je likita, majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya ɗora abin saurare a ƙirjina, ya daɗe yana ji, sannan ya ce in ina son ganin auren Dauda in rabu da taba.

Na so in rabu da ita. Amma duk lokacin da na yi niyya sai in ga hannun Lawali a miƙe. Yaya zan ce masa a'a? Mutumin da bai ƙyamaci bakina ba, ni ne zan janye daga nasa? Zai ce ashe Iliya ne mai ƙyamar. Kuma in na bar zuwa gindin bishiya, ina zan koma? Gindin inji, ni da ƙudaje. Gaskiya tsoron wannan ya fi mini tsoron tarin.

Ana nan sai watan azumi ya kama, cikin tsananin zafin bazara. Ranar farko na zagaya bayan katanga kamar kullum, na tarar da wurin wayam. Kututture na nan, buhu na nan, babu kowa. Na zauna na kunna, na juya baya don kada ƙamshin ya shiga wa masu azumi. Na ja, na miƙa hannu gefe don sabo, babu mai karɓa.

Sai halin nan nawa na son sanin dalili ya motsa. Na ce to Iliya, ga gwaji ya zo har gida. In mutane ne ke kawo ka nan, gobe ba za ka zo ba, tunda babu kowa. Washegari da hantsi ina cikin aiki, ban san lokacin da ƙafata ta kai ni ba, sai ganina na yi a kan kututture da wuta a hannu. Rana ta uku ma haka. Na shigo don mutane, ga mutane sun tafi, ni kuma an ɗaure ni a wurin kamar akuya a turke.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne Lawali. Duk fadar babu mai sha kamarsa, amma ga shi yana loda buhuna cikin rana, leɓe a bushe, tun asuba har faɗuwar rana ko kara ɗaya. Na kasa haƙuri na same shi a inuwar mota na ce, "Lawali, don Allah gaya mani, ƙaƙa kake yi? Ba ta kiranka?"

Ya yi dariyar mai ƙishirwa ya ce, "Kira? Tun hantsi take kirana, har da sunan uwata! Amma ba don kaina na aje ta ba, don Allah na aje ta, shi ya sa nake iyawa. Da don kaina ne, da tuni na ci amanar kaina." Ya ƙara da cewa, "Kada ka yabe ni hwa. Ana shan ruwa, kahin dabino ya wuce maƙoshi na kunna."

Ya tafi abinsa, bai san ya bar ni da kaya ba. Na tsaya ina tunani. Na gwada bari don majo, na gwada don Saratu, na gwada don kunyar mawaƙa. Ban taɓa kai abin gaban Yesu ba ko sau ɗaya. Me ya hana ni? Da na bincika sai na gano dalilin: ina tsoron in na roƙa zai amsa, in ya amsa kuma in rasa fadata.

Ranar nan da rana tsaka na koma gindin dogon yaron. Ban kunna ba. Na durƙusa a kan tsohon buhun nan, cikin guntayen taba, na ce, "Ubangiji Yesu, ka san ba taba ce ta kawo ni nan ba. Na gaji da cin abinci ni kaɗai. An ce mani namu, na ji daɗi, na biya da ƙirjina. Yanzu ga shi na kasa fita. Ka kwance ni. In kuma kwancewar za ta mayar da ni gindin inji, to ka zo ka zauna da ni a can, don ni kaɗai ba zan iya ba."

Na yi kuka, 'yan'uwa, kuka irin na yaro. Ban ji murya daga sama ba, ban ga haske ba. Amma na tashi da wata natsuwa da ban zo da ita ba, kuma kwalin da ke aljihuna na ji ya zama kaya kawai. Na kai wa Saratu shi da yamma. Ta karɓa, ta jefa shi a murhu ƙarƙashin tukunyar tuwo, sannan ta kama hannuna muka yi addu'a. Yabo ga Ubangiji!

Kada in yi muku ƙarya, kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Kaina ya yi ta sarawa, bakina ya yi ɗaci, na yi wa inji faɗa, na yi wa akuyar maƙwabta faɗa. Saratu ta cika mini aljihu da aya, ta ce in tauna in bar mutane su huta. Fasto da dattawa biyu suka riƙa zuwa gida suna addu'a tare da ni. Kuma ku dubi hikimar Allah: duk tsawon lokacin nan babu mai miƙo mini taba, don kowa na azumi. Azumin maƙwabtana ya zama mini shinge har ƙafata ta yi ƙarfi.

Amma wata yana ƙarewa gabana yana faɗuwa. Kowa na murnar Salla, ni ina tunanin ranar da za a koma aiki. Da safen ranar na ce wa Saratu ba zan je bayan katanga ba, zan zauna wurin injina. Ta ce, "A'a, ka tahi. In taba ce ɗai ta haɗa ku, gara ka sani yau. In kuma ba ita ba ce, kada ka yar da mutane don tsoro."

Da hantsi na ji muryar Lawali daga waje: "Iliya! Hito, an buɗe kasuwa!" Na yi addu'a a zuciyata na fita. Fada ta cika, kowa da sabuwar hula, ana ta barka da Salla. Na zauna a wurina na kullum, kusa da shi. Ya ƙyasta ashana, ya ja dogon ja irin na wanda ya yi kewa, ya lumshe ido, sannan ya miƙo mini.

Ƙamshin ya bugi hancina, yawuna ya tsinke. Na ce, "Lawali, na bari."

Ya yi dariya, hannunsa na nan a miƙe. "Bari wasa, karɓi."

Na ce, "Da gaske nake. Na kai ta gaban Ubangijina, ya karɓe mani ita."

Tabar tana ci a tsakanin yatsunsa, toka na tsawo. Na ga fara'ar ta bar fuskarsa a hankali. Ya dubi tabar, ya dube ni, ya ce da ƙaramar murya wadda ban san yana da ita ba, "Ko dai bakina ne, Iliya? An ce maka wani abu a majami'a?"

Abin da na yi ta tsoro ke nan, ga shi ya zo. Sai idona ya faɗa kan ɗan bidon ruwansa, wato goran roba, wanda yake naɗewa da jiƙaƙƙen tsumman buhu don ya yi sanyi. Yanzun nan na ga ya kafa kai ya sha. Ban yi shawara da kaina ba, na tabbata Ruhun Allah ne ya motsa hannuna. Na ɗauka, na kafa bakina daidai inda ya kafa nasa, na sha har ruwa na zuba a gemuna, na miƙa masa.

Ya karɓa yana kallona. Ya ɗaga ya sha shi ma, bai goge ba. Sannan ya fashe da dariyar nan tasa ya ce, "Ɗan banza, ka shanye mani ruwa!" Fada ta ɗauki dariya, tabar ta tsallake ni ta wuce ga na gaba.

Na yunƙura zan tashi, don a ganina wanda ba ya sha ba shi da abin yi a wurin. Lawali ya riƙe mini riga. Ya duƙa ya ɗebi 'yar ƙasa, ya sake ta a iska ya ga inda ta nufa. Sai ya tashi da girman jikinsa ya zagaya ɗaya gefen, ya ce wa sauran, "Ku matso nan, ku bar mashi bakin iska. Mutum ya samu lahiya, kada mu maishe shi baya." Ya nuna mini kututturen ya ce, "Zamna. Wa ya ce ka tashi?"

Na zauna. Iskar tabki tana bugo ni da sanyinta, hayaƙinsu yana tafiya can gefe, hawaye na zuba ina cewa ƙura ce ta shiga mini ido.

'Yan'uwa, na roƙi Yesu ya zauna da ni a gindin inji in na rasa mutane. Shi kuwa ya kwance ni, kuma bai bar ni na rasa kowa ba. Tarin ya tafi, mawaƙa kun ji da kunnenku Lahadin da ta wuce na kai ƙarshen baiti. Har yau ina zuwa fadar da ayata a aljihu, kuma har yau Lawali ba ya ƙyasta ashana sai ya ɗebi ƙasa ya duba iska.

Shi yana nan yana sha, kuma tarin da na bari yanzu a ƙirjinsa nake jin sa. Ina roƙonku ku sa shi a addu'a da sunansa, don abokina ne.

In akwai wani a nan da ya riƙe abin da ke cinsa don tsoron kada ya rasa mutane, na san wannan tsoro, na kwana da shi na tashi da shi. Ka kai wa Yesu tsoron tare da abin, kada ka ɓoye masa rabi. Ya san abin da kake jin yunwarsa tun kafin ka buɗe baki. Godiya da ɗaukaka su tabbata gare shi, shi da ya mayar mini da numfashina ya kuma bar mini wurin zamana. Amin!